Yadda ake dasa mapul ta Japan a gida a kuma raine ta

Duk wanda watan Oktoba ko Nuwamba ya taɓa riska a Ingila, Jamus ko gabashin Amurka ya san wata 'yar bishiya da ake gani a ƙofar gidaje, gajeruwa, mai bajajjun rassa, wadda ganyenta ke komawa ja wur kafin ya zube. Ita ce mapul ta Japan, wadda masana tsirrai ke kira Acer palmatum. Asalinta dazukan Japan da Koriya da wasu sassan Sin. Carl Peter Thunberg, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin da ya zauna a Nagasaki a 1775 da 1776, shi ya raɗa mata wannan suna, kuma ta isa Ingila a 1820. Mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen ire-irenta, har yau ma idan kaka ta yi sukan yi tururuwa zuwa Kyoto don kallon ganyenta kawai.

Kafin kowa ya kashe kuɗinsa, a san cewa wannan bishiyar ƙasar sanyi ce. Dole ta samu hunturu na gaske, ta zubar da ganye, ta yi barci na wasu watanni, sannan ta tofo. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Jidda kada ya wahalar da kansa: zafin Afrilu zai soya ganyen, kuma sanyin hunturunmu bai kai ya kwantar da ita ba. A taswirar sanyi ta Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ke raba yankuna shiyya-shiyya gwargwadon tsananin hunturunsu, wurinta shiyya ta 5 zuwa ta 8. Landan, Manchester, Hamburg, New York, Washington, Seattle, duk tana jin daɗinsu. Winnipeg da Edmonton a Kanada sun yi mata sanyi da yawa. Don haka maganar nan ta 'yan'uwa ce mazauna irin waɗancan garuruwa, masu ɗan fili a bayan gida ko baranda.

Wurin da za a sa ta

A nan aikin yake. Yawancin mapul ɗin da ke mutuwa a gidaje ba cuta ce ta fara kama su ba, an sa su ne inda bai dace ba, sauran matsalolin suka biyo baya. A dajin da ta fito, ƙarƙashin manyan itatuwa take girma, a gefen tsauni, inda rana ke ratsowa kaɗan-kaɗan, iska ba ta kaɗa ta, ƙasa na da danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Abin da za ka nema mata ke nan a gidanka.

Fara da rana. Mafi kyau ta samu ranar safe, inuwa ta rufe ta daga azahar. Gefen gabas na gida yakan ba da haka. Masu jan ganye suna buƙatar rana ta 'yan sa'o'i, in ba haka ba jan yakan dushe ya koma kore-kore. Masu koren ganye mara tsagu da yawa sun fi jure rana. Masu ruwan ɗorawa da masu dabbare-dabbaren fari su ne raggwaye, rana kaɗan ta ƙona su. A arewacin Ingila da Scotland, inda ranar ba ta da kaifi, ana iya sassautawa. A Atlanta ko Dallas kuwa inuwar yamma wajibi ce.

Sai iska, wadda mutane ba su cika kulawa da ita ba alhali ta fi rana ɓarna. Ganyen mapul siriri ne, iska na busar da shi fiye da yadda saiwa za ta iya mayar masa da ruwa, sai bakin ganyen ya bushe ya nannaɗe. Ka tsaya a wurin ranar da ake iska ka ji da jikinka. Lungun da ke tsakanin gidaje biyu, inda iska ke kwararowa, bai dace ba ko da akwai inuwa. Kusa da katanga ko shingen itatuwa ya fi. Ka kuma guji kwari, wato wuri mafi gangare a filin, domin can sanyi ke taruwa da dare. Sanyin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, wanda ke zuwa bayan sabon ganye ya fito, yana iya ƙone tofon gaba ɗaya cikin dare guda.

Na uku ƙasa. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan washegari ka tarar da ruwa kwance, wurin bai yi ba. Ko dai ka tara ƙasa ka yi tudu ka dasa a kansa, ko ka koma tukunya. Saiwar mapul na ruɓewa a cikin caɓi. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH tsakanin 5.5 da 6.5, kuma ana sayar da 'yar na'urar gwajin da arha a shagunan kayan lambu. A kudu maso gabashin Ingila akwai wurare da yawa da alli ke ƙarƙashin ƙasa. Idan kana haƙa ka ga farin dutse mai gari ba nisa, tukunya ta fi maka sauƙi.

Wane iri?

Ire-iren sun haura ɗaruruwa, amma ga mai gida kashi biyu ne: masu miƙewa sama da masu sunkuyawa.

Cikin masu miƙewa, 'Bloodgood' ce aka fi sani, mai ganye ja mai duhu, tana kai mita 4 zuwa 6 bayan shekaru masu yawa, kuma ba ta da tsirfa. Ita zan ba sabon shiga shawara. 'Osakazuki' koriya ce duk lokacin zafi, amma idan kaka ta zo babu wadda ta kai ta ja. 'Sango-kaku' kuwa a hunturu take kyau, lokacin da ganye ya zube ya bar ƙananan rassa jajaye. Inda sanyin ƙarshen lokaci ke yawan ɓarna, 'Emperor I' na da amfani domin takan makara wajen tofo.

Masu sunkuyawa su ne masu ganye tsaga-tsaga siri-siri, rassansu na zubowa ƙasa: 'Crimson Queen', 'Garnet', 'Tamukeyama', 'Inaba-shidare'. Ba su cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, amma faɗinsu yakan fi tsayinsu, kuma nan ne mutane ke kuskure. A dasa ta taku biyu daga hanya, bayan shekara goma ta tare hanyar, a shiga datse ta har kyanta ya tafi. Ka ba ta fili tun farko. Su ne kuma suka fi jin iska.

Mai baranda ko ƙaramin tsakar gida ya nemi 'Shaina' ko 'Mikawa yatsubusa', masu jinkirin girma da dunƙulallen jiki. Wanda ke Ingila kuma yana son gani da ido kafin ya saya, ya je gandun itatuwa na Westonbirt a Gloucestershire cikin Oktoba, inda aka tara ire-irenta masu yawa. Ganin babbar bishiya ya fi hoton da ke jikin takardar farashi faɗin gaskiya.

Sayen dashe

Kusan duk mapul mai sunan iri, kamar waɗanda aka ambata, 'yar aure ce, kamar yadda ake aurar da mangwaro: an ɗauko reshen irin da ake so an haɗa shi da gindin wata da ta fito daga ƙwaya. Ka duba wurin auren, yakan kasance ɗan kumburi ko lanƙwasa a ƙasan gangar jiki. Ya zama ya warke sumul, babu tsagewa, babu baƙi. Ka riƙe wannan wuri a ranka, domin duk tsiron da ya fito ƙasa da shi na gindin ne, ba na irin da ka saya ba. Ganyensa yakan zama kore, girmansa da sauri, in aka bar shi zai danne na saman. Da ka gan shi ka cire.

Ka nemi izini ka zare dashen daga tukunyarsa. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙarfi. Idan baƙa ce, mai laushi, tana wari, ajiye ta. Idan kuma ta nannaɗe ta zagaye tukunyar ta yi tauri, dashen ya daɗe a ciki, zai ba ka aiki. Ƙaramin dashe mai shekara uku ko huɗu yakan kama ƙasa da sauri fiye da babba mai tsada.

Dasawa

Lokaci mafi kyau shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa ke da sauran ɗumi kuma ruwan sama na sauka. Saiwa za ta yi ta aiki kafin sanyi ya kankama. Inda hunturu ke da tsanani, kamar Chicago ko Toronto, gara a jira Afrilu bayan ƙasa ta narke. Kada a dasa a tsakiyar zafi, ko ranar da ƙasa ta daskare ko ta jiƙe sharkaf.

Ka jiƙa dashen sosai a tukunyarsa tukuna. Ka haƙa rami mai faɗi ninki biyu ko uku na tukunyar, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen saiwar. Wannan batu na zurfi shi ne na biyu bayan zaɓen wuri. Saiwar mapul sama-sama take tafiya, tana buƙatar iska. Idan aka binne gangar jiki, ɓawon ya yi ta zama cikin danshi, ya ruɓe a hankali, bishiyar ta yi ta ramewa shekara biyu ko uku ba a san dalili ba. Ka share ƙasar saman tukunyar da yatsa har ka ga inda gangar ta fara buɗewa ta zama saiwa. Wannan wuri shi zai zauna daidai da fuskar ƙasa, ko ma ya ɗara ta da santimita 2 zuwa 5 idan ƙasar laka ce. Ka ɗora sanda a bakin ramin ka auna, kada ka yi kirdado.

Ka sassauta saiwar gefe da hannu. Wadda ta zagaye ka warware ta, wadda ta ƙi ka yanke. Ka fasa bangon ramin da cokalin haƙa don kada ya yi santsi ya hana saiwa ratsawa. Ka zaunar da bishiyar, ka ja baya ka dube ta, ka juya ta har gefenta mafi kyau ya fuskanci taga ko inda ake zama. Sannan ka mayar da ƙasar da ka fitar, haɗe da ɗan ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Kada ka cika ramin da ƙasar buhu zalla: a cikin laka, irin wannan rami yakan zama matattarar ruwa. Ɗanyen kashin dabbobi da takin zamani ba su da wuri a ramin. Ka danna da hannu ko ka taka a hankali, ka ba ta ruwa mai yawa don ƙasa ta zauna.

Daga nan ka lulluɓe kewayen da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye, kauri santimita 5 zuwa 8, faɗi kamar mita guda. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin lulluɓin da gangar jiki. Wannan lulluɓi yana riƙe danshi, yana sanyaya saiwa, yana kuma nisanta injin yankan ciyawa daga ɓawon, wanda siriri ne, rauni kaɗan ke buɗe wa cuta ƙofa. Ciyawa kada ta matso gindin. Turke ba dole ba ne sai in bishiyar na rangaji. In an kafa, a cire bayan shekara.

Ban ruwa da taki

Shekara biyun farko su ne na kulawa. Ka tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5. In ka ji danshi, bar ta. In ta bushe, ka ba ta ruwa a hankali har ya ratsa ƙasa sosai. A lokacin zafi wannan yakan zama sau ɗaya ko biyu a mako, ya danganta da ƙasar. Yayyafi kullum ba ya amfani, saiwa ce kawai ke taruwa a sama. Abin da ke rikita mutane shi ne alamar ƙishi da alamar yawan ruwa kusan iri ɗaya ce: bakin ganye ya bushe. Sai mutum ya ga haka ya ƙara ruwa, alhali saiwar nutsewa take yi. Shi ya sa yatsa ya fi ido.

Taki kuwa kaɗan ya isa. A ƙasa mai kyau, sabunta lulluɓi duk shekara ya wadatar. In bishiyar na nuna rama, a barbaɗa ɗan taki mai narkewa a hankali a Maris ko Afrilu. Taki mai yawan naitirojin, irin wanda ake zuba wa ciyawar fili, yana sa ta fitar da dogayen rassa masu laushi, su ɓata mata siffa, sanyi kuma ya kashe su. Daga Yuli a daina ba ta komai. Girmanta a hankali yake, haka aka halicce ta, taki ba ya canza wannan sai dai ya lalata.

Idan a tukunya ce

Mapul na zama a tukunya shekaru da yawa, kuma ga mai haya wannan ita ce hanya, tunda in ya tashi zai ɗauki abarsa. Tukunyar ta zama mai ƙofofin fitar ruwa, ta ɗara dunƙulen saiwar kaɗan kawai. Babbar tukunya ga ƙaramin dashe na riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya sha ba. A Ingila ana haɗa ƙasar John Innes No. 2, wata haɗaɗɗiyar ƙasar tukunya da ake sayarwa a shagunan kayan lambu, da ƙasar buhu ta tsirrai masu son tsami, a ƙara tsakuwa ƙanana kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗora tukunyar kan bulo ko ƙafafu don ruwa ya riƙa fita.

A lokacin zafi tukunya na iya neman ruwa kullum. Ruwan famfon Landan na da alli, don haka wanda zai iya tara ruwan sama ya fi. Duk shekara biyu ko uku, a farkon Afrilu, a zare ta, a rage saiwar gefe kaɗan, a sabunta ƙasa, a ƙara girman tukunya mataki ɗaya ko a mayar da ita cikin tata.

Hunturu ya fi haɗari ga ta tukunya. Rassa na jure sanyi mai tsanani, amma saiwa na lalacewa idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kuma bangon tukunya ba ya kare ta. A matsar da ita jikin bango, a naɗe tukunyar da buhu ko ledar kumfa. A garuruwa masu tsananin sanyi, a kai ta gareji mara ɗumi bayan ganye ya zube, ana ɗan jiƙa ƙasar jefi-jefi. Kada a shigo da ita falo don tausayi. Ɗumin ɗaki zai tashe ta daga barci ba lokaci ba.

Sassabe

Wanda bai taɓa mapul ɗinsa da almakashi ba ya fi wanda ya yi mata aski. Kyanta a siffar rassanta yake, hawa-hawa, kuma ita ke yin abinta. Shekara biyu ko uku na farko a cire matacce kawai.

Bayan nan, lokacin yanka shi ne tana cikin barci sosai, Nuwamba zuwa Janairu. Idan aka kai ƙarshen hunturu ruwan jikinta ya fara hawa, wurin yankan zai yi ta tsiyaya. Ƙananan gyare-gyare ana iya yinsu a ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ganye ke nuna inda ya cunkushe. A fara da matattun rassa, waɗanda suka yi fari-fari ko toka-toka, suna karyewa da yatsa. Sai waɗanda ke gogar juna, a cire ɗaya. Sai waɗanda suka juya suka nufi ciki. A yanke reshe daga inda ya fito, a bar ɗan kumburin da ke gindinsa domin daga nan rauni ke rufewa, kada kuma a bar dungu. Ba a shafa fenti ko kwalta a wurin. Kada abin da aka cire a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na rassan. Ga masu sunkuyawa, ka shiga ƙarƙashinsu ka duba daga ciki, can matattun ke taruwa. Bayan kowane yanka biyu ko uku ka fito ka dube ta daga nesa. Kan bishiyar kuwa ba a datse shi ko kusa; bishiyar da aka datse wa kai takan fitar da tsirarrun sanduna da ba sa gyaruwa.

Idan ta nuna damuwa

Ƙonewar bakin ganye ita ce ƙorafin kowa. Ba cuta ba ce, kuma ba ta cika kisa ba. Ko da ganyen ya zube a Agusta, ka kankare ɓawon reshe da farce: in ka ga kore, tana raye, za ta tofo. Ka binciki iska, rana da ruwa. In wurin ne, ka jira ta yi barci ka cire ta ka sauya mata, tunda saiwarta ba ta da zurfi ƙarama ba ta da wuyar ɗagawa.

Mai ban tsoro ita ce cutar Verticillium, wani naman gwari da ke zaune a ƙasa, ya shiga ta saiwa ya toshe hanyoyin ruwa. Alamarta reshe guda ko gefe guda ya yi yaushi farat ɗaya a tsakiyar zafi, sauran na lafiya. In ka yanka reshen za ka ga zane mai duhu ko kore-kore a cikin itacen. Ba ta da magani. A cire rassan da suka kamu, a goge almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka, a ci gaba da ban ruwa yadda ya kamata; wasu bishiyoyin kan rayu da ita. In ta mutu, kada a sake dasa mapul a wurin, domin cutar na shekaru a ƙasa. Wurin da aka daɗe ana shuka tumatir ko dankalin Turawa ma abin a yi hattara da shi ne, su ma tana kama su.

Darɓa takan taru a sabon tofo, a wanke ta da ruwa, ƙwarin da ke cinta za su ƙarasa. A tukunya, tsutsar wani baƙin ƙwaro mai dogon baki tana cin saiwa a ɓoye. Fara ce, lanƙwasasshiya, mai kai ruwan ƙasa. In bishiyar tukunya ta yi yaushi ba dalili, a zare ta a duba. Ana sayar da wasu mitsi-mitsin tsutsotsi da ake kira nematodes, waɗanda ake kaɗawa a ruwa a zuba, su kashe ta, a ƙarshen lokacin zafi sa'ad da ƙasa ke da ɗumi.

Mai son gwada shuka daga ƙwaya ya tsinko 'ya'yan a Oktoba idan fukafukansu sun fara bushewa. A jiƙa su kwana guda, a sa su cikin leda da yashi mai danshi, a ajiye a firji kamar wata uku zuwa huɗu, sannan a shuka a Maris ko Afrilu. Wasu ba sa fitowa sai shekara ta biyu, don haka kada a zubar da kaskon. Abin da ya fito ba lallai ya ɗauko uwar ba: ƙwayar 'Bloodgood' na iya ba da ja, na iya ba da kore. A raine su a inuwa cikin ƙananan tukwane, a kare su daga dodon koɗi da ɓeraye, sai sun shekara biyu ko uku a zaɓi waɗanda za a kai ƙasa.